Lokacin ɗari: a tsare yara daga wuta da guba

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, in ɗari ya sauka a Maraɗi, Damagaram da Tawa, kowane gida yakan hura wuta safe da maraice. Ƙananan yara ne ke fara matsowa bakin murhu, su ne kuma wuta ta fi ci. A shekara ta 2018 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180.000 kowace shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta.

Murhun duwatsu uku a ƙasa yake, daidai hannun yaro mai rarrafe. Fatar yaro kuwa ba ta kai ta babba kauri ba, shi ya sa kunun da zai ɗan yi wa uwa zafi, shi sai ya saɓule masa fata. Murhun laka mai tattalin itace ya fi, domin yana rufe wuta, yana kuma riƙe tukunya da kyau. Haka nan bai kamata a bar wa yarinya ƴar shekara 6 reno da tsaron tukunya gaba ɗaya ba.

In tsautsayi ya auku, sai a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta bisa ƙunar har minti 20. Kada a shafa tawada, ko ƙwai, ko toka, gama suna jawo ruɓewar miki. A rufe da tsumma wankakke, a nufi gidan likita.

Garwashi cikin ɗaki rufaffe shi ma makashi ne. Yana fidda iska mai guba wadda ba ta da wari, mai barci ya shaƙe ta bai sani ba. A fitar da kasko waje kafin a kwanta.

Sauran haɗarin cikin kwalba yake. Kananzir ko esansi da aka zuba cikin kwalbar lemo, yaro ya ɗauka abin sha ne. In ya sha, kada a sa shi amai, domin da amai ne man ke shiga huhu. A kai shi asibiti nan take. Sodar sabulu, maganin ƙwari da ƙwayoyin magani, wurinsu bisa, inda hannu ba ya kai.

Wannan aiki ba na uwaye mata kaɗai ba ne. Mai gida ne zai sa marfin rijiya, ya kafa katakon ajiya a bango. Masu unguwanni da malaman yaƙi da jahilci su ma su riƙa tunatar da jama'a, tun sanyi bai yi tsanani ba.