Yadda ake tsara gasar ninkaya ta manya

A ranar 19 ga watan Satumban 2000, 'yan wasa uku suka hau dandamali a birnin Sydney na Ostireliya, domin fafatawa a iyon mita 100 na gasar Olamfik.

Biyu daga cikinsu, Karim Bare na Jamhuriyar Nijar da Farkhod Oripov na Tajikistan, sun faɗa ruwa kafin a ba da izini, nan take alƙalai suka fitar da su.

Hakan ya sa Eric Moussambani na Equatorial Guinea ya yi iyo shi kaɗai, ya kammala cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, wato fiye da ninki biyu na lokacin wanda ya ci zinare a shekarar.

Lamarin ya nuna cewa a wannan wasa, ƙa'ida da agogo kan yanke hukunci tun kafin a gwada ƙarfi.

Su wa ke kafa dokoki?

Hukumar World Aquatics ce ke tsara dokokin manyan gasannin ninkaya. An kafa ta a London a 1908, kuma an san ta da sunan FINA har zuwa ƙarshen 2022.

A gasar Olamfik, tsawon tafkin da ake iyo a ciki mita 50 ne, faɗin kowane layi mita 2.5, sa'annan ɗumin ruwan ya kasance tsakanin digiri 25 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas.

Salon iyo huɗu ne ake gasa a kansu: na ganin dama, da na rigingine, da na kwaɗo, da kuma na malam-buɗe-littafi.

Matakai uku

Tunda mutum takwas ne kawai ke shiga zagayen ƙarshe, sai an tace masu fafatawa.

Da safe akan yi zagayen share fage rukuni-rukuni. Zuwa na ɗaya a rukuni ba ya tabbatar wa ɗan wasa gurbi, domin lokutan kowa da kowa ake jerawa, a ɗauki 16 mafi sauri.

Waɗannan su ne za su yi zagayen kusa da na ƙarshe da yamma, washegari kuma takwas da suka tsira su nemi lambobin yabo.

A tseren mita 400 zuwa sama babu zagayen tsakiya: daga share fage sai na ƙarshe.

Idan mutum biyu suka yi kunnen doki a kan gurbin ƙarshe, akan sa su sake karawa su kaɗai.

Rabon layi ma da lokaci ake yin sa. Wanda ya fi kowa sauri yana samun layi na 4, mai bi masa na 5, sai na 3, a haka har zuwa gefe. Shi ya sa idon 'yan kallo ke kan tsakiyar tafki.

Hukuncin agogo

A bangon kowane layi akwai allo mai lantarki da ke tsayar da agogo da zarar ɗan wasa ya danna shi.

A Beijing a 2008, Michael Phelps na Amurka ya doke Milorad Cavic na Sabiya da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wato 50.58 da 50.59.

Ba a duba abin da ya gaza wannan tazara. A Munich a 1972 an raba Gunnar Larsson na Suwidin da Tim McKee na Amurka da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa, daga baya aka sauya dokar.

Dalili ke nan da ya sa a Rio a 2016 mutum uku, ciki har da Phelps, suka karɓi azurfa a tsere guda.

Tasirin talabijin

Ba lafiyar 'yan wasa kaɗai ake dubawa wajen tsara jadawali ba.

A 2008 an mayar da zagayen ƙarshe zuwa safiya a Beijing, domin ya dace da daren Amurka, inda tashar NBC ke biyan maƙudan kuɗi don nuna wasannin. An maimaita haka a gasar Tokyo da aka yi a 2021.

Masu horarwa da dama sun koka, suna cewa jikin ɗan wasa ya saba kaiwa ƙololuwa da yamma.

Ga wanda ya shiga fannoni da yawa kuwa, hutu tsakanin tsere shi ne babban abin lissafi. Sai da Phelps ya shiga ruwa sau 17 cikin kwana 9 kafin ya tara zinare 8 a Beijing.

Gasar masu shekaru

Akwai kuma gasar da ake kira Masters, ta 'yan shekara 25 zuwa sama, wadda ake kasa mahalarta rukuni-rukuni da tazarar shekara biyar.

A nan galibi sau ɗaya kowa ke iyo a kowane fanni, sai a kwatanta lokacinsa da na sa'o'insa a fitar da gwani.