Yadda Ake Kare Haƙƙin Ƙirƙira a Ƙasashen Waje

Takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda hukuma kan bai wa wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko sabuwar dabarar sarrafa wani abu, ƙarfinta ba ya wuce iyakar ƙasar da ta bayar da ita. Maƙerin da ya ƙera sabon injin casar shinkafa a Kano, ya yi masa rajista a Abuja, yana iya maka mai kwaikwayonsa a kotu muddin a Najeriya aka ƙera injin ko aka sayar. Amma in a Maraɗi aka kwaikwaye shi, ko wata masana'anta a Sin ta shiga ƙera shi tana kaiwa Ghana, takardar Abuja ba ta da ta cewa. Babu takarda guda da ke aiki a duniya baki ɗaya. Abin da ake da shi hanyoyi ne na rage wahalar nema.

Kafin a zo ga hanyoyin, akwai sharaɗin da ya fi kayar da masu ƙirƙira: dole abin ya kasance sabo a ranar da aka shigar da buƙata. Wanda ɗoki ya sa shi kai injinsa bajekoli, ko ya ɗora bidiyon yadda yake aiki a Facebook kafin ya yi rajista, da hannunsa ya rufe wa kansa ƙofar Turai, domin can abin da ya riga ya fita bainar jama'a ya tashi daga sabo. Amurka na cikin ƙasashen da ke ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara guda.

Hanya mafi daɗewa ita ce Yarjejeniyar Paris ta 1883. Daga ranar da mutum ya shigar da buƙatarsa a gida, yana da wata 12 ya shigar da ita a sauran ƙasashen yarjejeniyar, kuma kowacce za ta yi masa lissafi da ranar farko. Wanda ya ɓullo da irin ƙirƙirar a tsakani ba zai sha gabansa ba. Sai dai wata 12 bai cika isar mai ƙaramin jari ya tara kuɗin lauyoyi da na fassara ba.

Wannan giɓi ne yarjejeniyar PCT ta cike. An sa mata hannu a Washington a 1970, ta fara aiki a 1978, hukumar WIPO da ke Geneva ke kula da ita, kuma ƙasashe fiye da 150 ne a ciki, har da Nijar da Najeriya. Buƙata ɗaya ake shigarwa. Masana su bincika ko an taɓa yin irin abin, su aiko da rahoto, a wallafa buƙatar bayan wata 18. Mai nema yana da wata 30 daga ranar farko, a yawancin ƙasashe, kafin ya zaɓi inda zai ci gaba. PCT ba ta ba da takardar da kanta. Kowace ƙasa ita ke yanke hukunci. Amfaninta shi ne lokaci da kuma rahoton binciken, wanda kan nuna wa mutum tun da wuri ko abin ya cancanci a zuba masa kuɗi. Ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ana rage musu kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar da buƙata.

Akwai kuma ofisoshin yanki. Takardar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, tana aiki a ƙasashe 17 lokaci guda, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi. ARIPO da ke Harare ta haɗa Ghana da Sudan da wasu, amma mai nema ne ke zayyana ƙasashen da yake so. Ofishin Turai yana Munich. Najeriya ba mamba ba ce a OAPI ko ARIPO, don haka ɗan Damagaram da ke son kasuwar Kano sai ya nemi takardar Najeriya daban.

Takardar kan yi shekara 20 daga ranar shigar da buƙata, kuma a yawancin ƙasashe kowace shekara ake biyan kuɗin sabuntawa. In aka yi sake, ta faɗi. Shi ya sa dabara ita ce a taƙaita ga ƙasashen da kasuwar kayan take da kuma waɗanda ake fargabar za a ƙera shi. Ofishin rajista ba ya farautar masu kwaikwayo. Mai takardar ne zai gano su, ya kai ƙara kotun wannan ƙasa da kuɗin aljihunsa.