Direban Babbar Mota da Gidansa: Ina Rabon Iyali?

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyarmu na farkon damina mun yi kiran suna domin rabon taki. Da aka zo kan wani ɗan'uwa, sai matarsa ta amsa, da goyo a bayanta. Muka tambaye ta ina maigida. Ta ce yana hanyar Fatakwal da lodin masara, yau kwanansa 11. Jaririn da ke bayanta ma an yi sunansa uban ba ya nan, ta waya ya faɗi sunan. Gonarsu kuwa rabinta ba a huɗe ba, ga shi maƙwabta sun gama shuka.

Wannan ɗan'uwa ba rago ba ne, ba kuma mai gudun gida ba ne. Da kuɗin tuƙi ya yi rufin kwano, da shi yake biyan kuɗin makarantar yara. A ƙungiyoyinmu da wuya a rasa gidan da ke da direba ko yaron mota. Saboda haka ya kamata mu duba wannan magana tare.

Yadda hanya ke cin kwanaki

Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, kuma shekaru da yawa shi ne ke kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Da harkar jirgin ta ja baya, sai nauyin ya koma kan manyan motoci. Hatsin kasuwar Dawanau, da albasar Aliero, da dankalin turawa na Bokkos da Mangu, da doyar Zaki Biyam, duka a mota suke zuwa Legas da Anacha da Fatakwal. In babu direba, amfanin gonarmu a hannunmu zai ruɓe.

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana bukatar wajen awa 17 tana tafiya ba tsayawa. Amma wa ya taɓa yin ta ba tsayawa? Akwai ramuka, akwai shingaye, akwai facin taya, akwai jiran bakanike a daji. In an isa, sai a jira layin sauke kaya. In an sauke, mai mota ba ya so ta dawo ba kome, sai a zauna a tasha ana jiran ɗan kamasho ya samo lodin komowa. Ta haka sawun da aka ce na kwana 4 ne yakan zama na mako 2.

Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowa. A 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, motoci suka yi ta zagaye mai nisa. A shekarun da cunkoso ya yi tsanani a tashar jiragen ruwa ta Apapa, kafin a kawo tsarin kiran motoci ta intanet a 2021, direbobi sukan yi kwanaki, har makonni, suna kwana a cikin mota a kan layi. Direban da ya ce wa matarsa, "Zan dawo ran Asabar," ba ƙarya ya yi ba. Hanya ce ba a hannunsa take ba.

Abin da gida ke rasawa

Kuɗi yana iya jira, amma akwai abubuwan da ba sa jira. Ruwan shuka ba ya jira. Masarar da ba a yi mata noman fari a kan kari ba, ko an zuba mata taki daga baya ba za ta cika rumbu ba. Haihuwa ba ta jira. Ranar da yaro ya fara tafiya, ranar baftismarsa, ranar da ya gama makaranta, ranar auren ƙanwa, ranar jana'izar tsoho, kowace sau ɗaya take zuwa.

Uwargida kuma ita ce ke ɗauke da kome: gona, awaki, yara, zuwa asibiti da dare, da hidimar surukai. Sau da yawa tana yin wannan duka ba ta da ikon sayar da ko buhu guda sai maigida ya dawo. Yara su ma sukan saba da uba kamar baƙo mai kawo tsaraba. Sukan yi murna da burodin, amma in suna da damuwa ba wurinsa za su kai ba.

Shi kansa direban yana cikin gwaji. Domin ya cika alkawarin lokaci yakan hana idonsa barci. Daga goro da shayi mai ƙarfi waɗansu sukan kai ga ƙwaya irin su Tramadol. Ƙwaya ba ta kawar da gajiya, ɓoye ta kawai take yi, har ranar da ido zai rufe a kan sitiyari. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce bayan tuƙin awa 4 da rabi dole direban babbar mota ya huta minti 45, kuma a yawancin ranaku kada ya wuce awa 9 yana tuƙi. Jikin Bature da namu duka jiki ne. Ga kuma kaɗaici a wuraren da motoci ke kwana. Wanda ya yi sakaci a can yana iya kawo wa matarsa cutar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ba mu faɗi wannan don kunyata kowa ba. Gwajin jini yana nan a asibitoci, maganin da ke danne ƙwayar cutar ƙanjamau ma yana nan, rigakafi kuwa ya fi magani.

Abin da direba da matarsa za su yi

1. A farkon shekara ku zauna ku biyu da kalanda. Ku sa alama a makon shuka, da watan haihuwa, da ranakun biki, da Kirsimati. Ba duka za a samu ba, amma ku zaɓi uku ko huɗu waɗanda ba za a taɓa su ba.

2. Direba ya gaya wa mai mota waɗannan ranaku tun da wuri, ya kuma nemi amintaccen abokin aiki da zai riƙe masa mota. Mai mota ya fi jin roƙon da aka yi wata 2 kafin lokaci da wanda aka yi ana cikin lodi.

3. Kowane sawu a ware rabon gida a aika ta waya, kada a jira sai an dawo. Kuɗin da ya kwana a aljihu a tasha ba ya isowa gida cikakke.

4. A ba uwargida iko a fili, a gaban dangi, ta ɗauki 'yan ƙwadago, ta sayi taki, ta kai yaro asibiti ba sai ta jira izini ba.

5. A tsai da lokacin waya, misali bayan cin tuwon dare, mota tana tsaye. A ba kowane yaro ya yi magana. Tambayi abin da aka koya masa yau, ka kuma tuna da amsar gobe.

6. In maigida ya dawo, a bar shi ya yi barci tukuna. Shi kuma kada ya shiga rushe abin da aka shirya ba ya nan. Ya fara da godiya.

Abin da ƙungiya za ta yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta rubuta matan direbobi a littafinta da sunansu, domin su karɓi taki da iri da rance, su kuma yi magana a taro. A sa gonakinsu cikin jerin gayya, musamman lokacin shuka da noman fari. Direba ya biya rabonsa da kuɗi, ko ya ɗauko wa ƙungiya taki a kan rangwame in mai mota ya yarda. Zumuntar mata kuma ta san watan kowace mai ciki, a san wanda zai kai ta asibiti in abin ya zo da dare.

Akwai kuma laifin da ke wuyanmu. Sau nawa muka kira mota ran Litinin, alhali buhunanmu ba su haɗu ba sai Laraba? Kwana 2 ɗin nan daga rabon iyalin direba muka ɗebe su. Sau nawa muka ɗora tumatir muka ce masa, "Kada ka tsaya ko'ina sai kasuwa"? Mu haɗa kaya, mu auna, mu ɗinke kafin mota ta iso. Mu kuma bar wa direba lokacin barci a cikin lissafinmu. Asarar kwando kaɗan ta fi asarar rai sauƙi.

A ƙarshe, tuƙi ba aikin har abada ba ne. Ido yakan gaji, baya yakan gaji. Direba mai hankali yana ajiya a asusun ƙungiya tun yana da ƙarfi, ya sayi shanun huɗa ko injin ban ruwa, ya dasa mangwaro da lemo, domin ranar da zai miƙa makulli ya tarar da abin yi da mutanen da suka san shi.

Ɗan'uwan nan da muka ambata, matasan ƙungiya sun huɗe masa sauran gonar a yini guda. Ya dawo bayan kwana 3, ya zo ya yi godiya, muka zauna da shi da matarsa da kalanda. Ranar da suka fara sa wa alama ita ce ranar da babbar 'yarsu za ta gama firamare. A taronku na gaba, ku ƙidaya gidajen direbobi da ke cikinku, ku tambayi matansu abin da ya fi damunsu. Allah ya kiyaye masu tafiya, ya kawo su gida lafiya.