Na'urar Da Ba Ta Hayaƙi: Tambayar Wani Ɗalibi Daga Faskari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wani ɗalibi ɗan asalin Faskari, wanda ke karatu a Zariya, ya aiko mana da tambayar da ba mu taɓa samun irinta a wannan shafi ba. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya sayi wata 'yar na'ura a hannun abokinsa, wanda shi kuma a cikin kayan gwanjo ya same ta. Ba ta kai tafin hannu girma ba. Ana zuba mata busasshen ganyen wiwi, ta gasa shi ba tare da ta ƙona shi ba, mutum ya zuƙi tururin. Ya ce Allah Ya shirye shi, tun azumin bara bai ƙara taɓa ta ba, tana ƙasan akwati a naɗe cikin tsohuwar riga. Batirinta ya fara kasawa, kamfanin da ya yi ta ya daina ƙera irinta, kayan gyaranta sun ɓace. Sai dai ƙarancin nata ya sa ta yi daraja a wurin masu nemanta, har wani ya taya ta da kuɗin da zai ishe shi rajistar zangon karatu. Mahaifinsa kuwa damina biyu ke nan bai taka gonarsa ta bayan gari ba saboda 'yan bindiga.

Ga yadda ya rufe wasiƙar: "Malam, ni dai na bari, Allah shaida ne. Amma idan ban yi rajista ba zan koma gida in zauna. In sayar da ita in biya, ko in fasa ta?"

Kafin mu amsa, ya kamata iyaye su san abin da ake magana a kai, domin da yawanmu ko an ajiye mana shi a kan tabarma ba za mu gane shi ba. Sigari idan ana zuƙa, zafin bakinsa yakan haura digiri 800, ganyen ya ƙone ya zama toka da hayaƙi. Ita kuwa wannan na'ura tana da ɗan ƙaramin murhu a cikinta wanda batiri ke ɗumamawa zuwa tsakanin digiri 160 da 220. Wannan zafin bai isa ya kama ganye da wuta ba, amma ya isa ya fitar da sinadarin da ke bugarwa, wanda masana ke kira THC, ya tashi a matsayin tururi. Babu ashana, babu toka, warin ma kaɗan ne kuma ba ya daɗewa a jikin tufafi. Ta bambanta da shisha mai gawayi da tulun ruwa, ta kuma bambanta da sigarin lantarki da ake ɗura wa ruwan nikotin.

Wani kamfanin Jamus mai suna Storz & Bickel ne ya yi suna da babbar irinta ta ajiyewa a kan tebur, wato Volcano, tun shekarar 2000. A 2012 aka fitar da Pax a Amurka, wadda ake sakawa a aljihu, kuma mutanen da suka ƙirƙiro ta su ne suka fito da sigarin lantarki na Juul a 2015. Da Kanada ta halatta wiwi a 2018, Jamus ta sassauta dokarta a 2024, kasuwar ta ƙara buɗewa. Kamar wayar hannu, duk bayan 'yan shekaru sai a fito da sabon samfuri a daina tsohon, tsohon kuma hanyarsa ɗaya ce da ta tsofaffin wayoyi da kwamfutoci, wato kasuwannin irin namu.

Ba mu ce abin ya cika Ƙanƙara ko Sabuwa ba. Abin da ya addabi yankin har yanzu shi ne wiwin da ake naɗawa a takarda, da taramol, da sholisho, da maganin tari mai kodin. Amma ɗalibai suna dawowa hutu daga Zariya da Kano da Kaduna, kuma abin da ya shiga akwatin ɗalibi ya shiga gari. Shi mai tambayar ya ce wata rana mahaifiyarsa ta ga na'urar jone da caja, ta ce, "Wannan kuma fa?" Ya ce, "Fawa bank ce, Inna." Ta sa masa albarka ta wuce. Ya ce duk cikin abin da ya aikata, wannan ƙaryar ta fi ci masa rai.

Hujjar da samari ke kafawa ita ce babu hayaƙi, don haka babu cutarwa, don haka babu laifi. Gaskiya ne tururi bai kai hayaƙi dattin ƙuna ba, ba za mu musanta abin da yake gaskiya don mu ci gardama ba. Sai dai Shari'a ba don hayaƙi ta hana wiwi ba. An hana shi ne don abin da yake yi wa hankali, hankali kuwa yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar ya sanya duk abin da ke bugarwa a layin giya, bai duba ko sha ake yi ko tauna ko zuƙa ba. Hasali ma binciken da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 2018 ya nuna cewa ga waɗanda ba su saba ba, wiwin da aka zuƙa ta tururi ya fi wanda aka ƙona bugarwa, alhali awon ganyen ɗaya ne. Ke nan na'urar ta rage tari ne ta ƙara maye.

Akwai masu cakuɗa wannan da saɓanin da aka yi a kan taba. Lallai an yi saɓanin. A ƙarni na 17 Ahmad Baba na Tumbutu ya ga halaccin taba, Ibrahim Allaƙani na Masar ya haramta ta, dukkansu kuma Malikawa ne, a zamanin da likitoci ba su gano alaƙarta da ciwon daji ba. Wiwi kuwa saɓanin da ke kansa na daban ne. Imam Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abin da ke bugarwa da nishaɗi irin na giya, da abin da ke gurɓata hankali, da abin da ke sumarwa, ya sanya wiwi a kashi na biyu. Saboda haka a wurinsa horon alƙali ake yi wa mai shan sa, ba haddi ba. Ibn Taimiyya ya ce haddin giya ya hau kansa. Gardamarsu a kan irin hukuncin da za a zartar ne. Babu wanda a cikinsu ya halatta wa mutum ya gusar da hankalinsa da shi. Mu ƙara da cewa a mazhabarmu tururin da aka zuƙa da gangan ya kai maƙogwaro yana karya azumi, kamar yadda masu sharhin Muhtasar suka faɗa a kan hayaƙin turaren wuta da tururin tukunya. Duk wanda ya yi amfani da ita da rana a Ramadan bisa zaton ba hayaƙi ba ce, ya je ya zauna gaban malami a kan abin da ya hau kansa.

Sai maganar sayarwa, wadda ita ce ainihin tambayar. Za a iya cewa ai ƙarfe ne da roba, ba najasa ba ce, kuma masu tallarta sukan ce ana iya zuba mata na'ana'a ko wani ganyen ƙamshi. Amma malaman Malikiyya, kamar Alhaɗɗab a Mawahibul Jalil, sun hana sayar da abin da asalinsa halal ne ga wanda aka san da haram zai yi amfani da shi, suka buga misali da sayar da inabi ga mai matsa giya da sayar da makami ga abokin gaba. Tushen wannan shi ne aya ta 2 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka. Wanda ya taya na'urar da aka daina ƙerawa, mai mataccen batiri, da kuɗin rajistar jami'a, kowa ya san ba na'ana'a zai zuba mata ba, mai tambayar ma ya sani.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sa buƙatar dogon sharhi a kan wannan ƙa'ida, domin sun rayu a cikinta. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da man fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da waɗannan ukun, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya. Talaka ya sha wuya a lokacin, kuma har yau ana gardama a kan ko matakin ya yi amfani. Amma babu wanda ya ce fetur haram ne. Abin da kowa ya gane shi ne jarkar da ta bar gidan mai da yamma ta nufi daji, an san babur ɗin da za a ɗura wa. Garin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya a daren 11 ga Disamban 2020 ya san cewa mai kai burodi da mai kai ƙwaya suna da kaso a cikin abin da mai bindiga ya aikata. Sau nawa aka tare kayan maye a hanyarsu ta shiga daji? Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da kayan maye, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ne. Ba ma kwatanta ɗalibin nan da masu kai wa 'yan bindiga kaya, Allah Ya tsare. Ƙa'idar ce dai ɗaya, ƙarami ne ko babba.

Amsarmu ke nan: kada ya sayar, kada kuma ya bayar kyauta. Mun san maganar da nauyi ga wanda rajista ke jiransa. Amma Abu Dawud ya ruwaito cewa Abu Ɗalha ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da giyar da wasu marayu suka gada, aka umarce shi ya zubar, ya nemi ya mayar da ita kal, aka hana shi. Dukiyar maraya ce fa, wadda Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan taɓa ta, amma buƙatarsu ba ta halatta kuɗin ba. Ta fuskar dokar ƙasa ma, wiwi haramtacce ne a ƙarƙashin dokar 1966, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 kuma tana kama mai riƙe da shi, na'urar da ta yi shekaru tana aiki kuwa ba ta rasa ragowar ganye da danƙonsa a ciki.

Haka hukuncin yake ga masu gyaran waya a Funtuwa da Ƙanƙara da sauran garuruwa. Wanda aka kawo wa irin wannan ya canza mata batiri bai san ko mece ce ba, babu laifi a kansa. Wanda ya sani, ladan aikin bai halatta gare shi ba. Alamarta ba ta da wuyar ganewa: ɗan rami mai murfi da ake zuba ganye, da bakin zuƙa, da maɓallin ƙara zafi. Fawa bank ba ta da ko ɗaya daga cikinsu.

To, ko dole ne a lalata komai? A yaƙin Haibara, da aka hana naman jakin gida, Manzon Allah (SAW) ya ce a fasa tukwanen, da aka nemi a wanke su sai ya yarda, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Malamai sun fahimci cewa abin da ke da amfani na halal ana iya tsarkake shi a ci gaba da mora. Cajar na'urar da wayarta suna iya cajin wani abu. Wasu samfuran ma batirinsu mai cirewa ne, irin dogon nan da ake sa wa tocila mai caji, idan da sauran rai a jikinsa. Murhun da bakin zuƙar kuwa ba su da wani aiki a gidan Musulmi, a sa guduma a farfasa su yadda ba za su gyaru ba. A fara cire batirin tukuna. Batirin litiyam idan ya tsufa yakan kumbura, idan aka huda shi ko aka jefa shi wuta yana iya fashewa, mu kuwa shararmu ƙona ta muke yi, yara da 'yan jari-bola kuma suna tona juji. A kai shi wurin mai gyaran da ya san yadda ake sarrafa matattun batura.

Saura kuɗin rajista, kuma a nan ba shi kaɗai maganar ta shafa ba. Ɗalibin da mahaifinsa ya rasa gona yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Mun shawarce shi ya je wurin limamin unguwarsu ko wani dattijo a dangi ya faɗi buƙatarsa ta karatu, ba sai ya tona abin da Allah Ya rufa masa ba, domin wanda ya tuba ba a neman ya yi shelar zunubinsa. Mahaifiyarsa ma ba dole ne ya tayar mata da hankali da tsohon labari ba, istigfari da kyautata mata sun wadatar. Idan kuma ya ji sha'awar abin tana dawowa, ko barci ya ƙaurace masa, ko zuciya tana yawan tashi, wannan aikin likita ne, akwai sashen masu fama da shaye-shaye a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Mun aika masa da wannan amsa tun kafin a buga ta. Ya rubuto cewa ya fasa na'urar a bayan ɗakin kwanan ɗalibai, batirin ya ƙi shiga tocilarsa, kuma kawunsa da ke sayar da hatsi a kasuwar Sheme ya yi alƙawarin rabin kuɗin. Sauran rabin yana nema.

Wallahu a'alam.