Ƙari a cikin ciki: mi eko ke nunawa?

Jama'a, ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Wani ƙari ruwa ne ya taru. Wani tsoka ce ta tsiro a tumbi ko a hanji. Ido ba ya rarrabe su, hannu ma haka nan. Shi ya sa likita ke aika mutum a yi mashi eko.

Eko na aiki da wata ƙara wadda kunne ba ya ji. Ana shafa mai bisa ciki, a aza kan na'ura. Ƙarar ta shiga, ta dawo, hoto ya fito. Babu allura, babu zafi. Ana barin abinci wajen awa 6 kafin a je, don iskar hanji na rufe hoto.

In ruwa ne a ƙarin, wurin sai ya fito baƙi ƙirin. In tsoka ce, sai ya fito toka-toka. Bangon hanji mai lafiya siriri ne. Ciwon daji na sa shi kauri. Likita zai duba hanta ma, don can ciwon hanji ke yawan tsallakawa.

Amma eko ba ya yanke hukunci. Sai an zura tiyo mai fitila, an ciro ɗan guntun tsokar, an auna shi, kana a san irin ƙarin.

Wanda ya ga jini a bayan gida, ko baƙin kashi, ko yana rama ba dalili, ya tafi asibiti tun da wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.