Baki Biliyan Takwas, Tukunya Ɗaya

Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa bil'adama sun cika biliyan 8. Sai wajajen 1804 aka kai biliyan na farko, amma tsakanin na bakwai da na takwas shekara 11 kacal aka yi.

Fargabar yawan jama'a ba sabuwa ba ce. Tun 1798 wani limamin coci a Ingila, Thomas Malthus, ya yi hasashen cewa bakuna za su fi ƙarfin gona. Lissafinsa bai ci ba. Bai hango takin zamani ba, balle ingantaccen irin alkamar da Norman Borlaug ya samar a Meziko, wanda ya cika rumbunan Indiya da Pakistan a shekarun 1960.

Sai dai yalwar nan bashi aka ci daga ƙasa. Noma ke shanye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da rijiyoyi. A jihar Punjab ta Indiya, manoman shinkafa suna ta zurfafa burtsatse, ruwan yana ƙara nutsewa. Tekun Aral kuwa, tunda Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunansa zuwa gonakin auduga, jiragen kamun kifi suna nan kwance kan yashi a garin Moynaq, tsatsa na cin su.

Kuma ƙidayar kawuna kaɗai yaudara ce: hayaƙin kabon da Ba'amurke guda ke fitarwa ya ninka na ɗan Nijar fiye da sau ɗari.

Haihuwa ma tana ja baya. Al'ummar Sin ta fara raguwa a 2022, kuma Majalisar na hasashen adadin mutanen duniya zai tsaya wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080.