Zinder: In indararo ya toshe, soro ke shan ruwa

A unguwar Birni, ba kullum ambaliya ke kada gidan ƙasa ba. Sau da yawa daga sama ɓarnar ke farawa: ƙurar rani da leda su toshe indararo, ruwan Agusta ya kwana bisa soro. Yaɓe ya jiƙe, rufi ya yi nauyi, azara ta fara lanƙwasa, yara na barci a ƙarƙashinta.

Bayan daminar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni, wannan ba abin wasa ba ne. Gyaran ba tsada: a share indararo, a sabunta yaɓe tun bazara. Amma samarin da ke hawa soro da dama suna Libiya ko Aljeriya, kuɗinsu kuma kan iso bayan ɗaki ya fara yoyo.